Zuwa Ga Mai Shagon Da Ta Hana Ni Sayen Riga Mai Duwatsu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na samu bayan doguwar tafiya a rana, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da kallon sama,

Sallama gare ki, da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina fata kin tashi lafiya, ina fata gwiwar nan da kike dafawa in za ki hau kujera ki sauko da kaya ta yi sauƙi. Kin zaci ban lura ba? Na lura, kunya ce ta hana ni yi miki sannu.

Ni ne dai malamin nan na labarin ƙasa, baban yarinyar da kika haɗa wa kayan zuwa aiki, mutumin da ya fita daga shagonki mako uku da suka wuce da jar jaka a hammata, kunnuwansa na zafi. Shekara ashirin da shida ina tsaye gaban allo ina faɗa wa yara inda koguna suke tasowa da inda suke zubawa, ban taɓa rasa abin cewa ba. Yau ga ni da furfura, na yaga takarda uku, wannan ce ta huɗu. Jiya na karanta sanarwar da kika manna a ƙofa, cewa an karya farashi kuma za a rufe shago ƙarshen wata. Tun daga lokacin ƙirjina yake kamar sama ta haɗa hadari ta ƙi zubarwa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, don a baki na gwada na kasa.

Kin tuna ranar da na fara shigowa? Wata goma ke nan. 'Yata ta samu aiki a ofishin wani lauya, za ta fara ranar Litinin, kuma duk abin da ke akwatinta kayan makaranta ne da na zaman gida. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta rasu shekara huɗu kafin nan. Da tana raye, me zai kai ni layin masu kayan mata? Na zuba albashina na wata guda cur a ambulan, na tasa yarinya a gaba, muka taho. Na rantse a raina ba za ta shiga ofishin mutane a gane mata maraici a jiki ba.

A bakin ƙofarki akwai mutum-mutumi sanye da wata koriyar doguwar riga, an jera mata duwatsu daga wuya har ƙirji, tana walƙiya kamar kogi da tsakar rana. Na nuna ta da yatsa, na ce a ninke mana, ina jin kaina wani babban mutum. Kuɗinta ya kusa rabin abin da ke cikin ambulan. Da wani mai shagon ne, kafin in rufe baki ta shiga leda. Ke kuwa kika dubi yarinyar, kika dube ni, kika jawo mana kujeru biyu. Sai tambayoyi. Wane irin aiki ne? Kwana nawa a mako? A zaune za ta wuni ko za a riƙa aikenta da takardu? Daga gida zuwa inda ake hawa mota tafiyar minti nawa ce? Wa ke wanki, kuma ana samun wuta kullum a yi guga? Ni da nake yi wa yara jarrabawa, ranar aka yi mini tawa, kuma rabin amsoshin 'yata ce ta fid da ni.

“Malam,” kika ce, “wannan rigar ta zuwa biki ce. Sau biyu za ta sa ta a shekara, a na uku kowa ya gane ta.”

Daga nan kika yago gefen wani kwali, kika zaro biro daga cikin ɗankwalinki, kika raba mini kuɗina kamar mai rabon gado. Rabi kika ware wa takalmi da jaka, kika ce su ne masu shan wahala, ɗaya yana taka ƙasa ɗaya yana ɗaukar nauyi, in aka yi musu rowa sai an saye su sau uku kafin shekara ta zagayo. Baƙin takalmi na fata, mara tsini, da jakar da takarda za ta shige ta ba sai an lanƙwasa ba. Kashi ɗaya cikin uku kika ba riguna: dogaye biyu marasa ado, siket ɗaya mai duhu, 'yan riguna uku na sama, da mayafai uku. Launukan kuwa shuɗi mai duhu, ruwan toka da ruwan madara, kika ce masu zaman lafiya da juna ne, duk wanda aka haɗa da wani ba za su yi faɗa ba. Ɗan abin da ya rage kika tura mini shi gabana, kika ce in mayar aljihu, kada a taɓa shi sai yarinya ta yi wata guda a ofis ta ga abin da ta rasa da idonta. Kika ƙara da cewa in daina tambayar nawa ne kuɗin abu, in riƙa tambayar sau nawa za a sa shi.

A nan take na buga lissafi a kaina, takalmin da za a sa kwana ɗari biyu da rigar da za a sa sau biyu, sai na ga ashe rigar nan mai duwatsu ta fi komai na shagon tsada nesa ba kusa ba. Ban gama mamaki ba kika ce takalman da kike sayarwa na kwalliya ne, ba za su jure tafiyar ƙafa ba, kika kwatanta mana wani tsoho mai ɗinka takalmi a ƙarshen layi. Da hannunki kika tura kuɗi shagon wani! Har muka isa gida ina tambayar kaina, wace irin 'yar kasuwa ce wannan? Wa ya koya mata korar ciniki? Ina jin a ranar ciwon ya kama ni, sai dai na ɗauka son sani ne kawai irin na malamai.

Kin san abin da ya biyo baya, don ke aka dama. Na dawo sayen maɓalli. Na dawo sayen fil na maƙale mayafi, na sake dawowa sayen wani, har 'yata ta ce, “Baba, in shago za mu buɗe ka gaya mini, durowata ta cika.” Kowane zuwa da tambayar da na ƙullo tun daga makaranta. Me ya sa ba a yi wa rigunan mata aljihu, alhali su ne masu tarkace? Me ya sa maɓallan rigar mace suke ɓangaren da na namiji ba sa nan? Ta yaya ƙaramar jaka za ta fi babba tsada? Wata tambayar ki amsa, wata ki yi dariya ki ce in je in tambayi waɗanda suka ƙirƙiro abin. Nakan tsaya gefe in ga yadda kike damƙe yadi a tafin hannu, ki ƙirga goma, ki saki ki ga ko ya yamutse. Ki ɗaga shi ga haske. Ki juya riga ki bi ɗinkin ciki da farce, ki sunsuna jaka ki ce wannan roba ce aka shafa wa turaren fata. Na yi karatun duwatsu da ƙasa, na san yadda ake gane shekarun itace, amma ban taɓa sanin akwai ilimi mai zurfi haka a rataye a jikin ƙusa ba.

Sannu a hankali tambayoyin suka bar kan kaya suka koma kan mai kayan. Ga mace zaune tsakiyar riguna ɗari, kullum tsaf kamar furen da raɓa ta wanke, amma idona ya fara gaya mini rigunan jikinta ba su da yawa. Zan faɗa miki abin kunya: a bayan littafin da nake rubuta makin ɗalibai na ja layi, na riƙa rubuta abin da kika sa duk ranar da na zo, yadda muke rubuta ruwan sama a makaranta. Sai na gano rigar Talata ita ce ta Asabar, mayafi kawai aka canja, aka ɗaura siririn bel. 'Yan kunnen nan ƙanana na azurfa ba sa sauka. Agogon nan mai tsohon maɗaurin fata shi ne kullum. Wata ɗaya ne a sama, amma kowane dare da fuskar da yake fitowa, haka na ga kina yi da 'yan rigunanki. Rannan ina satar kallon hannun rigarki, ko ɗagowa ba ki yi ba daga ninkin da kike yi, kika ce, “Biyar ne, Malam, ka huta da ƙirga. Ta shidan tana wurin tela.” Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Yanzu zan zo kan ranar da ta sauya ni, wadda ban taɓa yi miki godiyarta yadda ya kamata ba.

Da wata ya cika muka dawo da ragowar kuɗin nan. 'Yata ta ce tana son ƙarin riga ɗaya da jaka ta biyu. Sai kika tambaye ta a hankali ko mahaifiyarta ba ta bar komai ba. Muka dubi juna ni da ita. Akwai akwatin ƙarfe a saman kabad ɗin ɗakina, shekara huɗu ba wanda ya taɓa shi. Ni ina tsoron in buɗe yarinya ta yi kuka, ita kuma ashe tana tsoron ta tambaya in yi. Kika ce mu kawo miki shi ki gani. Ranar Asabar da hantsi muka ɗauko shi a mota. Kika tura ƙofar shago rabi, kika shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, kika wanke hannu kafin ki taɓa komai.

Ɗaya bayan ɗaya kika riƙa fito da kayan, da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri. Ni abin da nake gani rigunan da na sani ne. Ke kuwa karanta su kike yi. Kika nuna mini wuyan wata riga da aka farke aka juya don gefen da ya koɗe ya koma ciki. Kika nuna mini faci a ƙarƙashin hammata, ɗinki siriri kamar sawun tururuwa. Shuɗiyar rigar da nake yaba mata duk ranar da ta sa, ashe tsofaffi biyu ta haɗa ta fitar da ita. Jakarta ta fata mai ruwan ƙasa an canja mata hannu har sau biyu, kika nuna mini ramukan tsohon ɗinkin. Shekara ashirin da biyu ina bugun ƙirji a cikin abokai cewa matata ba ta da bani-bani. Ashe daga canjin cefane take tsinta, ta tara, ta sayi abu ɗaya mai kyau a shekara, sauran kuma allura da zare su rufa mana asiri, ni da ita. Na ce, a gabanki da gaban 'yata, yaya aka yi ban sani ba?

“Ba ka tambaya ba ne, Malam,” kika ce. “Yawancinku ba kwa tambaya. In mace ta fito fes sai ku ce ai haka Allah ya yi ta.”

Ba da faɗa kika faɗa ba, shi ya sa ta shige ni har ƙashi. 'Yata ta rungume jakar nan ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, kika bar ta ta yi, ba ki ce mata ta yi haƙuri ba sai da ta gaji don kanta. Sannan kika zaɓo riguna biyu da za a rage mata, da mayafi mai ruwan zuma, kika ce a kai jakar wurin tsohon nan ya shafa mata mai. Ragowar kuɗin ya tafi ga tela da lema ɗaya mai ƙarfi saboda damina. Ko sisi ba ki ci a kanmu ba ranar. Har yau da jakar uwarta take zuwa ofis, kuma ta ce matar lauyan ta tambaye ta a ina ake samun irinta.

A hanyar komawa, akwatin yana kan cinyata ya yi sauƙi, na yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya sake haɗa ni zama da wata mace, ba zan kwana gefenta shekara da shekaru ban san yadda take rufa wa kanta asiri ba. Ina cikin wannan tunani sai na ga ashe matar tana da fuska, fuskar kuma taki ce. Ya ke kogin da ba ya hayaniya don zurfinsa ya ishe shi! Ya ke bishiyar da ba ta kiran kowa, amma duk wanda rana ta dafa wurinta yake nufa! Yaya aka yi zuciyar da na ɗauka ta bushe ta koma ƙirare ta sake yin toho? A wannan shekarun nawa, da wannan sanƙon? Na yi ta bincike kamar yadda na saba, ban samo dalili ba, na dai samu kaina ina aske gemu duk ranar da zan biyo ta layinku.

To sai na yi wautar da kika sani. Na daɗe ina tara 'yan kuɗi don in canja tabarau, nawa sun tsufa, hannu ɗaya da zare na ɗaure shi, rubutun allo ma sai na matsa nake gani. Na kwashi kuɗin nan na shiga wani babban kanti mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin randa. Na ga jar jaka mai sarƙa ruwan zinariya, 'yar mitsitsiya, ko littafi ba zai shiga ba. Duk abin da kika koya mini na ajiye shi a bakin ƙofa. Ban sunsuna ba, ban juya cikinta ba, ban tambayi sau nawa za a riƙe ta ba. So nake in ga kin riƙe abu ɗaya a duniya wanda ba lissafi ne ya zaɓa miki ba. Na kawo na ajiye a kan teburinki, a gaban wata mai ciniki, na ja baya ina murmushi, ban ce uffan ba.

Kika jira matar ta fita. Kika dubi jakar, kika dubi zaren da ke jikin tabarauna, kika tambaye ni me na fasa saya na sayo wannan. Na yi ƙarya na ce ba komai. Kika tura mini ita a hankali.

“Ka mayar musu. Ba na karɓar abin da aka cire daga idon mutum.”

Kalma ukun farko kawai kunnena ya ɗauka. Na suri jakata na fita ko sallama babu, kamar yaron da aka kora daga aji. Washegari na mayar, suka zaftare wani abu a ciki suka ba ni saura, na cika na yi tabarau, don in nuna wa wa, oho. Mako uku ina zagayawa ta doguwar hanya don kada in bi ta ƙofarki. Mako uku abinci ba ya mini daɗi, ɗalibai suna tambayar juna me ya sami Malam.

Shekaranjiya da safe muna karyawa 'yata ta ajiye kofinta ta ce in gaya mata gaskiya, me ya haɗa ni da Anti. Na ce ba abin da ya haɗa mu, na nuna mata abin da ke raina ta ƙi, shi ke nan. Ta tambayi yadda na nuna. Da na ba ta labari sai ta riƙe baki, na ga tana kokawa da dariya.

“Baba, me ka tambaye ta da ta ƙi? Jaka ka ajiye mata, ba magana ba.”

Yarinyar da na koya wa ɗaura igiyar takalmi! Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba game da shagonki: mai ginin ya ƙara kuɗin haya har ya fi ƙarfin cinikin, kuma Yayanki da ke can wani gari mai nisa ya daɗe yana cewa ki tattara ki koma wurinsu, tun rasuwar maigidanki shekara tara da suka wuce yake wannan magana, har ɗaki ya gyara miki. Ta ce wannan karon kin amsa masa.

Jiya bayan an tashi daga makaranta na biyo ta layin. Na tsaya a tsallaken titi gefen mai gyaran waya, kuma da sababbin tabaraun da kika tilasta mini na karanta sanarwarki tun daga can, harafi bayan harafi. Na hango ki a ciki kina jera mayafai a kwali. A karon farko na gan ki sosai. Na ga 'yar furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinki, na ga layukan da dariya ta bari a gefen idonki, na ga kin tsaya da wani mayafi a hannu kin daɗe kina kallon bango. Wata goma ashe a cikin hazo nake kallonki, kuma wallahi kin fi yadda nake zato kyau. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka, ƙafar ta ƙi. Na dawo gida na nemi takarda.

Ina za ki tafi da amsoshina? Wa ya ba ki agogon nan, kuma me ya sa kike shafa gilashinsa da babban yatsa in ciniki ya yi tsauri? 'Yan kunnen na mahaifiyarki ne, ko da kuɗin cinikinki na farko kika saya? Wa ya koya miki raba kuɗi a bayan kwali, uwa ce, ko wata shekara mai wuya da ba ki taɓa ba kowa labarinta ba? A cikin rigunan da suka ratsa ta hannunki, babu ko ɗaya da kika so har ranki, kika ninke ta da kanki kika miƙa wa wata? Wane launi kike so in ba ruwan kowa da ko zai jure wanki? In kin rufe shago kin koma gida, wa yake tambayarki yaya gwiwa? Da kika ce in mayar da jakar nan, ni kika ƙi, ko idona kika tausaya wa? Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai, kuma ke kaɗai ce mai amsarta a duniya.

Ga maganar da ya kamata in faɗa ranar, da bakina, hannuna babu komai. Ina son ki. Ina so ki aure ni.

Na san ba a zuwar miki da zance ba lissafi, don haka ga nawa, ba ƙari ba ragi. Albashin malami ne, kin taɓa ganin kaurinsa a cikin ambulan. Saura shekara huɗu in yi ritaya. Gidan nawa ne, ɗaki uku, rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya in ruwa ya zo da iska. Ina da hawan jini kaɗan, ina shan magani, kuma an ce ina minshari, ko da yake ban taɓa ji da kunnena ba. 'Yata ta riga ta ba da nata goyon bayan, har ta wuce gona da iri, ta fara maganar labule. Akwai kuma ɗakin gaba mai ƙofa ta bakin titi, inda na tara tsofaffin taswirori da littattafan da ba mai karantawa. Na auna shi, taku shida ne a tsaye, biyar a kwance, da taga babba mai shigo da hasken safe, irin wanda kike ɗaga yadi gare shi. Akwai wurin tsayawar mota a tsallake da wani asibitin haihuwa a bayanmu. Yau da safe na zauna a ƙofa daga ƙarfe bakwai zuwa takwas na ƙirga mata arba'in da uku da suka wuce, goma sha ɗaya daga cikinsu jakunkunansu sun mutu, har wata ta harare ni.

Kada ki ɗauka tarko na ɗana miki da ɗakin nan. Na faɗa ne don in kuɗin haya ne kaɗai zai raba ki da sana'ar da kika iya fiye da kowa, ki san akwai wata ƙofa. In kuwa zuciyarki ce take son komawa cikin 'yan'uwa, ki tsufa kusa da Yayanki da 'ya'yansa, ba ni da bakin hana ki, kuma ba zan ga laifinki ba. Abin da zan iya yi miki alkawari kaɗan ne, amma zan cika shi. Ba za ki yi faci a ɓoye a gidana ba. Duk wata za mu zauna mu biyu mu raba abin da ya shigo, kason tufafinki a rubuce da sunansa, ba daga canjin cefane ba. In kin fito da safe zan dube ki da kyau, in tambaya, in saurari amsa har ƙarshenta. In na dame ki da tambaya ki ce in yi shiru, zan yi, na minti biyar.

Ya ke hasken asubahin da ya same ni a lokacin da na ɗauka rana ta riga ta faɗi, ranar Asabar da ƙarfe goma, in kin ɗaga ƙofar shago, za ki same ni tsaye. 'Yata ce za ta kawo miki wannan takarda gobe a hanyarta ta zuwa aiki, kina da kwana uku ki juya ta ciki da waje, ki bi ɗinkinta da farce. In kin ce e, Yayana zai shirya ya tafi wurin naki Yayan neman aurenki, ko garin ya kai ina. In kin ce sai kin yi tunani, ni malami ne, na saba jiran amsa daga bakin wanda ya san ta amma yake jan rai. In kuma a'a ce, ki faɗa mini a fuskata, ba zan sake ficewa ba sallama ba. Zan naɗe hannun riga in taya ki ɗaure kwalayen nan, in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har cikin mota, don ba zan iya tsayawa in ga kin ɗaga kaya da wannan gwiwar ba.

Ko kina ɗakin gaba na gidana, ko kina wani gari da sai dai in nuna shi da sanda a kan taswira, zuciyar nan ta riga ta zauna wuri ɗaya, kuma a shekaruna ba a sake tashi.

Naki, yau da gobe da abin da ya rage mini na kwana,

Malamin labarin ƙasa